Randar Gwandu da Kalgo: Ginin Hannu Mai Shekaru Dubbai

Ko a watan Afrilu, lokacin da rana ke dukan Gwandu da Kalgo ba sassauci, ruwan randa da sanyinsa ake sha. Jikinta na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa, iska na busar da shi, zafi na tafiya tare da shi. Firji kuwa sai an kawo wuta.

Maginiya ba ta da inji. Yumɓu daga fadama ake haƙo shi, a jiƙa, a tattake da ƙafa, a cuɗa da dakakken tsingaron tsohuwar tukunya ko ƙaiƙayi don kada ya tsage. Sai ta kifa wata tukunya a ƙasa, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a kanta tana bubbugawa har gindi ya fito. In ya sha iska ta cire, ta mulmula yumɓu dogo-dogo tana ɗorawa zagaye bisa zagaye, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, har wuya. Baki kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake gyara shi. Da rani ake gashi, a fili, da karan dawa, ciyawa da busasshen kashin shanu.

Wannan wutar ba ta cika wuce digiri 900 ba, wasu kan ɗauki hakan a matsayin ci baya. Kuskure ne. Tangaran da ya sha wuta mai tsanani, a ɗora shi kan murhu ya fashe. Tukunyar ƙasa kuwa ta saba da itace.

Sana'ar ta girmi daular Kanta ta Kebbi nesa ba kusa ba. A Unjugu ta ƙasar Mali an tono tsingaron da ya haura shekara 11,000, cikin mafi tsufa a Afirka. Mutanen Nok, a kudancin Kaduna, da hannu suka gina mutum-mutuminsu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A nan Kebbi ma, masana sun haƙo irin waɗannan siffofi na yumɓu a Yelwa ta ƙasar Yawuri a shekarun 1960, gabanin cikar madatsar Kainji.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, da ginin hannu ta yi suna tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja a 1954. Yau jarkar roba ta ƙwace wa tulu hanyar rijiya, don ba ta fashewa, amma mai waina har gobe tandar ƙasa take nema a kasuwa.