Shafin Seramik A Jikin Mota: Kariya Ce Ko Ado?

Duk mai riƙe da babbar waya a ƴan shekarun nan zai yi wuya a ce bai ci karo da irin hoton nan mai motsi ba a Facebook ko TikTok, inda za a watsa wa mota ruwan laka ya zame ya bar ta fes, ko a ɗiga mai a kan murfin inji a kunna wuta, ta ci ta mutu babu ko tabo. Daga nan sai mai talla ya ce wannan aikin shafin seramik ne, kuma idan aka yi wa motarka shi, to ka yi ban kwana da ƙarzuwa da koɗewar fenti har tsawon shekaru.

Maganar ta fara yawo a bakin ƴan kasuwarmu na kan iyaka, daga Gaya da Kamba zuwa Ƙonni da Illela, daga Ɗan Isa da Jibiya har Magarya da Maigatari. Dalili kuwa a fili yake. A watan Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, darajar naira ta faɗi warwas daga watan Yunin 2023, sannan rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sa kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Mota ta yi tsada, wanda ke da ita ya ƙara riƙe ta da kyau. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wannan shafi da idon ɗan kasuwa: me ake saye, nawa ake biya, kuma me yake dawowa da shi.

Mene ne shi?

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe ya hana tsatsa, akwai launi, sannan a sama akwai wani shafi garai-garai marar launi, wanda shi ne ke ba mota sheƙi, shi ne kuma ke shan rana da ƙura. Kaurinsu gaba ɗaya daga kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, na saman kuma wajen maikiron 40 zuwa 50. Maikiron ɗaya shi ne idan aka raba milimita ɗaya gida 1,000. Silin gashin mutum yakan kai wajen maikiron 70.

Shi seramik ruwa ne da ke zuwa cikin ƴar kwalba, yawanci mai mililita 30 ko 50. Babban sinadarinsa silika ne, wato dangin abin da ke cikin yashi da gilashi. Ana shafa shi a kan fenti da ɗan soso, a goge, a bar shi ya sha iska. Idan ya bushe sai ya manne da shafin sama ya zama wata fata mai tauri da santsi. To amma kaurin wannan fata bai wuce maikiron 1 zuwa 2 ba. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin a kansa sauran maganar ta tsaya.

Abin da yake iyawa

Gaskiya ɗaya ce, shafin yana aiki idan na ainihi ne kuma gwani ya yi shi. Ruwa ba ya kwanciya a jikin motar, sai ya dunƙule ya gangare. Laka da ƙura ba su kama ta da ƙarfi, don haka wanki yana sauƙi kuma ba ya cin ruwa da yawa, abin da duk mai sayen ruwa a jarka ya san darajarsa. Sheƙin motar yana ƙaruwa, musamman baƙa ko ja. Kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron itace, waɗanda ke cin fenti idan aka ajiye mota a ƙarƙashin dogon yaro, ba su saurin ratsa shi, sai mai mota ya samu lokacin wankewa kafin su bar tabo. Yana kuma rage saurin koɗewar fenti a rana, ko da yake bai kai inuwa ba.

Babban fifikonsa a kan man goge mota na kaki da muka saba da shi shi ne daɗewa. Kaki yakan yi wata 1 zuwa 3, a irin zafinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 ma bai cika kai hakan ba. Kamfanonin seramik kuwa suna ba da alkawarin shekara 2 zuwa 5, amma da sharuɗɗan wanki da kulawa waɗanda masu talla ba su cika karanta wa mai saye ba.

Abin da ba ya iyawa

A jikin kwalaben za ka ga an rubuta 9H da manyan baƙaƙe, wasu masu talla har su ce saura ƙiris ya kamo lu'ulu'u a tauri. Nan ne aka fi yi wa mutane rufa-ido. Ma'aunin taurin duwatsu, wanda wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya fito da shi a 1812, shi ne ya ba lu'ulu'u lamba 10, ya ba dutsen yashi lamba 7. Amma 9H ba daga wannan ma'auni ya fito ba. Lambar fensir ce, irin HB da 2H da ƴan makaranta suka sani. Ma'anarta kawai fensir mafi tauri bai karce shafin ba a wurin gwaji. Ƙwayar yashi kuwa ta fi kowane fensir tauri nesa ba kusa ba.

Saboda haka tsakuwar da tayar babbar mota ta harbo a kan hanya za ta fasa fenti, da seramik ko babu. Ƙaya za ta karce shi a hanyar ƙauye. Amalanke, baro, ƙahon sa da hannun babur a cunkoson ranar kasuwa duk za su bar shaidarsu. Ba ya hana loɓawa, ba ya kuma kare ƙarƙashin mota daga tsatsa, domin can ba a shafa shi. Wasan wutar nan ma ba hujja ba ne: man ne ke ci a sama cikin ƴan daƙiƙoƙi, fentin da ba a yi wa komai ba shi ma zai iya jure hakan.

Abin da ke tare tsakuwa wani abu ne daban, wata leda ce garai-garai mai kaurin maikiron 150 zuwa 200 da ake liƙawa a gaban mota, ita kuma ta fi seramik tsada.

Hunturu, tsumma da ruwan rijiya

An ƙirƙiro wannan shafi ne a ƙasashen da ke da ruwan sama da kwalta da gareji a gida. Mu kuwa daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris muna cikin hazo. Iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, tsohon gindin tafki wanda ake lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurar nan cike take da silika. Idan ta kwanta a kan mota da dare, da safe yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya bi ta da guga, daidai yake da ya sa mata takardar yashi mai laushi. Waɗannan ƙananan zane-zane masu kama da saƙar gizo da ake gani a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, daga nan suke fitowa. Fata mai kaurin maikiron 2 ba za ta daɗe a ƙarƙashin irin wannan guga ta kullum ba.

Na biyu shi ne sabulu. Yawancin wuraren wankinmu omo suke amfani da shi da soso ɗaya wanda aka wanke taya da shi. Omo an yi shi ne don tufafi, yana da kaifi, kuma yana rage kwanan shafin. Na uku shi ne ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishiri da farar ƙasa. Tun da seramik yana sa ruwa ya dunƙule, idan aka bar ɗigon ya bushe a rana sai kowane ɗigo ya bar farin zobe, wani lokaci sai da injin goge ake fitar da shi. Wato wanda ya yi seramik bai huta da wanki ba, sai ma ya ƙara kula da yadda ake yi.

Kuɗin na aiki ne

Mutane kan yi mamakin yadda ƴar kwalba za ta ci kuɗi masu yawa. A Amurka aikin gwani yakan kama daga dalar Amurka 500 zuwa 2,000 ko fiye. Mafi yawan kuɗin na aikin share fage ne. Sai an wanke motar sarai, an cire duk dattin da ya nutse cikin fenti, an bi ta da injin goge an fitar da tsofaffin zane, an share maiƙo da sinadari, sannan a shafa. Duk tabon da aka bari, an rufe shi ke nan a ƙarƙashin shafin. Aikin yana son ɗaki rufaffe marar ƙura da jikin mota mai sanyi. Bayan an gama kada ruwa ya taɓa ta na aƙalla awa 24, kada kuma a sa mata sabulu sai bayan kamar mako ɗaya. Aikin ƙwarai yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3.

Don haka wanda ya ce zai yi maka seramik a bakin titi, cikin rana da iska, a awa biyu, ba abin da kamfanoni irin su Gtechniq, CarPro ko Gyeon ke nufi zai yi maka ba. Akwai ruwan feshi masu araha da aka rubuta wa seramik a jiki, suna sa sheƙi da santsi, amma kwanansu watanni ne. Ba laifi a saye su a farashinsu. Laifin shi ne a sayar maka da na wata 4 a kuɗin na shekara 4, kuma a ranar farko ido ba ya bambanta su. Araha dai ba ta ado.

A kula kuma da injin goge. Duk bi ɗaya yana cin wani abu daga shafin saman nan mai maikiron 40 zuwa 50, kuma ba ya tsirowa. Hannun da bai ƙware ba zai iya cinye shi a gefen ƙofa ko kan murfin inji, a zo neman kariya a koma da aikin fenti.

Motar Kwatano fa?

Mafi yawan motocin da ke hannunmu tsofaffi ne da suka shigo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Da yawa, musamman na Amurka, an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, aka gyara, aka cike da fila, aka fesa fenti. Seramik ba ya gyara mugun fenti. Idan rufin mota ya riga ya fara saɓa yana ɓarewa, maganinsa sabon fenti ne. Wanda kuma ya yi sabon fenti, masu yin fentin kansu suna ba da shawarar a jira aƙalla wata ɗaya, wasu har uku, kafin a rufe shi da wani shafi. Kafin a biya, a sa mai aikin ya auna kaurin fentin da na'ura. Idan babu, ɗan maganaɗisu a cikin ƙyalle yakan tona inda aka cika fila, domin ba ya kamawa sosai a wurin.

Mu buga lissafi

Mu ɗauka, a misali, an nemi jaka 150 na sefa. Idan shafin ya yi shekara 3, wato wata 36, ya tashi a kan jaka 4 da ƴan kai a wata. Idan tsumma da omo suka kashe shi a wata 6, ya zama jaka 25 a wata. Bambancin yana hannun mai wanki da wurin kwanan motar.

A ganinmu, wanda ke da sabuwar mota ko mai fentin kamfani lafiyayye, irin wadda dillalai ke kira fes-bodi, yana da rumfa a gida, yawancin tafiyarsa a kwalta ce, kuma yana da niyyar riƙe ta shekaru, to seramik zai iya biyan kuɗinsa. Ranar sayarwa ba don seramik za a ƙara masa kuɗi ba, sai don fentin asali da ya tsira.

Amma motar da ke ɗaukar buhunan wake da albasa, ana ɗaure kaya a rufinta da igiya, tana bin kasuwannin mako ta hanyar burji, wannan kuɗi ya fi amfani a tayoyi, birki, man inji da matatar iska, wadda ita ma ƙurar hunturu ke toshewa. Haka dillalin da zai sayar da mota cikin wata 2: wanki da goge mai kyau sun ishe shi, mai saye inji da giya da takardun duwan zai fara dubawa.

Wanda ya yanke shawarar yi, ya nemi ganin kwalbar a rufe kafin a buɗe ta, ya ga ɗakin da za a yi aikin, ya karɓi rasit mai sunan maganin da tsawon garanti. Mafi muhimmanci, ya ce a nuna masa motar da aka yi wa aikin shekara ɗaya da ta wuce, wadda ta ga hunturu ta ga damina. Gani ya kori ji.

Ga kowa da kowa kuwa, akwai kariyar da ba ta cin kuɗi sosai: rumfar kwano ko ta zana a gida da bakin shago, a zuba ruwa a kore ƙura kafin hannu ya taɓa mota, bokiti ɗaya na sabulun mota ɗaya na ɗauraye soso, tawul mai laushi na jiki daban da na taya, a wanke a inuwa a tsane nan take. A kuma hana yara gugar safe da busasshen tsumma. Wanda ya kiyaye waɗannan, fentinsa zai daɗe ko bai yi seramik ba. Wanda bai kiyaye ba, ko nawa ya biya hunturu ɗaya ya isa ya cinye kuɗin.