Ɗan Wasa Ya Sani, Amma Ɗan Cikin Labari Bai Sani Ba

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane kan zauna kewaye da teburi, kowa ya ɗauki matsayin wani a cikin labari, jagora yana bayyana halin da ake ciki, ƙuri'a kuma tana yanke sakamako. Ga wanda ya san wasan kalankuwa, inda samarin ƙauye ke zama gwamna ko alƙali, abin ba baƙo ba ne.

Ƙa'idar da ta fi wuyar kiyayewa ita ce raba sanin ɗan wasa da sanin wanda yake wakilta.

A ɗauka an gina labarin a Tsamiya, kan iyakar Bagudo da Jamhuriyar Benin, a watan Yulin 2019, kai kuma ɗan kasuwar shinkafa ne. Kai da ke zaune a teburi ka san gwamnatin Buhari za ta rufe iyakoki a watan Agusta. Ɗan kasuwar bai sani ba. Idan ka sa ya cika rumbunsa da shinkafa ba gaira ba dalili, ka yi maguɗi, ka kuma cuci abokan wasan da suka riƙe amana.

Sai dai ba a nan maganar ta tsaya ba. Idan ɗan kasuwar dattijo ne da ya ga yadda Buharin ya rufe iyakoki a 1984, zarginsa yana da tushe, kuma a ganina jagora ba shi da hujjar hana shi. Tambaya ɗaya jagora zai yi masa: a ina ka ji?