Ƙera Kayan Fatsa a Gida: Hanyar Rage Dogaro da Kayan Waje a Yankin Kontagora

KONTAGORA — Tsadar kayan kamun kifi da ake shigowa da su daga ƙasashen waje ta daɗe tana ci wa ƙananan masunta tuwo a ƙwarya, musamman a jihohin Neja da Kebbi, inda jama'a masu ɗimbin yawa suka dogara da su wajen samun abin masarufi. Ƙugiya, da zaren nailan, da sandar fatsa ta zamani duk da kuɗin musaya ake sayo su, saboda haka duk lokacin da darajar Naira ta faɗi sai farashinsu ya tashi.

Kafin a buɗe kasuwar musayar kuɗi ta biyu a watan Satumba na 1986, Naira tana kusan kafaɗa da kafaɗa da Dalar Amurka. A 1993 farashin hukuma ya kai wajen Naira 22 kan kowace Dala, sa'an nan a 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500. Wannan ya sa masunci yakan sayar da kifi mai yawa kafin ya mayar da kuɗin kayan aikinsa.

A irin wannan hali ne ya dace 'yan kasuwa su dubi abin da za a iya ƙerawa a gida, da kuma na'urorin da ake bukata don ƙera shi. Garuruwa irin su Tungan Magajiya, da ke Ƙaramar Hukumar Rijau a masarautar Kontagora, suna da abubuwa uku da sana'ar take nema: maƙera da kafintoci, da tsofaffin ƙarafa, da kuma hanyar mota da ta haɗa Kontagora da Zuru, daga can kuma zuwa kasuwannin kifi na ƙasar Yawuri.

Inda kasuwar take

Babbar kasuwar waɗannan kaya ita ce tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a kan kogin Kwara a 1968. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,270, kuma ya ratsa jihohin Neja da Kebbi. A gefensa, a garin Sabuwar Bussa, Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa take. Ban da Kainji akwai tafkunan Shiroro da Jebba, da ƙananan madatsun ruwa, da rafuka da kududdufai waɗanda manoma ke fatsa a cikinsu da rani.

Tarihin tafkin ya nuna dalilin da ya sa kayan ƙugiya suke da makoma. A ƙarƙashin shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus don bunƙasa kamun kifi a Kainji, wanda ya fara a 1993, an ƙiyasta cewa kifin da aka kama a 1996 ya wuce tan 38,000. Kaso mai yawa daga ciki warangi ne, wanda ake kamawa da babban taru mai ƙananan idanu da ake kira dala. Da yake dala tana kwashe har da 'ya'yan manyan kifaye, sai aka hana amfani da ita a 1999. Ƙugiya kuwa girmanta ne ke zaɓar girman kifin da za ta kama, don haka ba ta cikin kayan da ke share tafki.

Sai dai wajibi ne mai zuba jari ya san cewa sandar fatsa kaɗai ba ta riƙe masunci na sosai. Shi da kalli, da birgi, da gura, da mamari yake aiki. Mamari doguwar igiya ce da ake jera wa ƙugiyoyi masu yawa a shimfiɗa cikin ruwa don kama tarwaɗa, da kurungu, da giwan ruwa. Ke nan masu sayen sanda su ne manoma, da matasa, da masu fatsa don cefanen gida, amma cinikin ƙugiya da abin nutsarwa yana hannun masu mamari. Masana'antar da ta haɗa biyun ita ce za ta samu ciniki rani da damina.

Na'urori huɗu

Na'ura ta farko ita ce murhun miƙar da sanda. Gora ce aka fi amfani da ita, kuma wadda ta ƙosa, watau ta shekara uku ko fiye, ita ce ke jure nauyin kifi. Ana saranta da rani lokacin da ruwan jikinta ya ragu, a rataye ta a inuwa da dutse a ƙasanta na wasu makonni. Murhun kuwa rabin duro ne da aka ratsa bututun ƙarfe ta cikinsa, a zuba gawayi kewaye da bututun. Idan aka zura sandar a ciki sai zafi ya game ta ba tare da wuta ta taɓa ta ba. Da ta yi laushi sai a danna wurin da ya karkace a cikin tsagar wani katako har ta huce. Zafin yana ƙara mata ƙwari, yana kuma rage ɓarnar ƙwaro.

Ta biyu ita ce teburin naɗi. Kafinta zai kafa katako biyu ko uku masu baki kamar gwafa a kan dogon allo, a lulluɓe bakin da tsumma don kada ya karce sandar. A gabansu ana ɗaura kwarkwaron zare a kan ƙusa mai noti, da ƙaramin sifirin da ke matse shi. Wannan matsin shi ne sirrin aikin, domin idan zaren ya yi sako-sako zobban da igiya ke bi ta cikinsu za su kwance, idan kuma ya yi tsauri zai tsinke. Da hannu ɗaya ake juya sandar, ɗayan kuma yana jera zaren.

Ta uku ita ce majuyin busarwa. Bayan naɗi ana shafa wa zaren man ƙyalli irin na kafintoci ko gam mai ƙarfi. Idan aka ajiye sandar wuri ɗaya man zai taru a gefe guda ya bushe a karkace, saboda haka ake so ta riƙa juyawa a hankali, sau kaɗan a minti ɗaya, har ya kama. Injin goge gilashin mota, da batir, da bel da aka yanka daga tsohon tiyub sun isa yin wannan aiki, idan aka rage gudunsa da ƙafar keke. Inda babu lantarki ana iya cajin batirin da ƙaramin faifan hasken rana.

Ta huɗu ita ce malanƙwashin ƙugiya. Faffaɗan ƙarfe ne da aka dasa wa turaku biyu gajeru, da mariƙi mai zagaya ɗaya daga cikinsu. Ana yanka waya daidai awo, a wasa bakinta da magagari, a tayar da ƙayarta da ƙarfe mai kaifi, sa'an nan a lanƙwasa ta a jikin turken. Amfanin na'urar shi ne ƙugiya ɗari su fito girma ɗaya, abin da hannu kaɗai ba ya iyawa. Wayar ƙafar keke da wayar sifirin sun fi dacewa. Daga nan sai horon ƙarfe: a gasa ƙugiyar ta yi ja, a tsoma ta a mai, a sake ɗumama ta kaɗan. Wadda ba a hora ba takan miƙe a bakin babban kifi, wadda kuma aka bari da tauri fiye da kima takan karye.

Ba sabon abu ba ne ƙaramar maƙera ta zama babban kamfani ta wannan hanya. Kamfanin Mustad na ƙasar Norwe, wanda ƙugiyoyinsa suka shahara a kasuwannin duniya, da ƙera ƙusa da waya ya fara a garin Gjøvik. A 1877 wani ma'aikacinsa mai suna Mathias Topp ya ƙera na'urar da ake zura mata waya ta fitar da ƙugiya, kuma wannan na'ura ce ta ɗaukaka kamfanin.

Abubuwan lura

Akwai kayan da ba a iya yi a maƙera. Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1930, dole a saye shi. Haka nan sandunan zamani na zaren gilashi sun fi gora rashin nauyi da daɗewa. Fifikon sandar gida yana ga arha da sauƙin gyara, don haka kuskure ne a sa mata farashin da ya kusanci na ta waje. Ƙugiyar gida kuma tana saurin tsatsa idan ba a shafe ta da mai ba, abin da kan sa masunta su koma wa ta kanti ko da ta fi tsada.

Babban haɗari shi ne dalma. Masu yin abin nutsar da igiya sukan narka dalmar tsohon batir, alhali hayaƙinta da ƙurarta guba ne, musamman ga yara. A 2010 gubar dalma daga aikin haƙar zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, a 2015 kuma ta kashe wasu yara a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Noti, da guntun rodi, da gasasshen yumɓu suna yin aikin nutsarwa ba tare da wannan haɗari ba. Don abin da ke yawo a saman ruwa kuwa, ɓargon gwangwala ya wadatar.

Ta fuskar jari, kusan dukan abin da na'urorin huɗu ke bukata ana samunsa a wurin masu gwangwan da masu walda. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne zare, da man shafawa, da jiran gora ta bushe, domin wanda bai tanadi gora da rani ba zai zauna babu aiki lokacin da ruwa ya kawo. Masu sana'ar da suka haɗu cikin ƙungiyar gama kai sun fi samun damar sayen zare a kan sari, da neman horo daga Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa ko hukumar SMEDAN, da kuma neman rance daga Bankin Manoma.

Hukumomin tarayya sun sha bayyana cewa kifin da Nijeriya ke bukata a shekara ya kai kimanin tan miliyan 3.6, alhali wanda ake samarwa a gida bai wuce kashi ɗaya bisa uku na hakan da yawa ba, kuma ƙananan masunta ne ke kawo mafi yawansa. Duk abin da ya rage musu kuɗin kayan aiki zai bayyana a farashin kifi a kasuwannin Yawuri, da Malale, da Kontagora. Matakin farko ga mai son shiga sana'ar shi ne ya ƙera ƙugiyoyi da sanduna kaɗan, ya ba masunta su gwada na tsawon kaka ɗaya, ya gyara abin da suka kushe kafin ya faɗaɗa aikin.