Masu Neman Juna da Wat Ɗaya a Kan Dogon Zango

Duk wanda ya taso da akwatin rediyo a gida ya san matsakaicin zango na dare ne. Da rana tashoshin kusa kaɗai ake kamawa, amma bayan isha'i sai ka ji Larabci da Faransanci suna kutsowa daga inda ba ka zata ba. Dalilin yana can sama. Akwai wani sashe na sararin samaniya, kimanin kilomita 60 zuwa 90 daga ƙasa, wanda hasken rana ke sa shi shanye igiyoyin wannan zango. Rana na faɗuwa sai ya yi sanyi, igiyoyin su wuce su bugi sashen da ke samansa, su dawo ƙasa a wani wuri mai nisan gaske.

Akwai mutanen da sauraro kaɗai bai ishe su ba. Su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda ke karɓar lasisi daga hukuma su kafa 'yar tasha a gida, ba don kasuwanci ko watsa shirye-shirye ba, sai don su kira junansu. Kowa da lambar kiransa: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Idan mutum biyu suka yi musayar lambobinsu, kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa yadda ya ji ƙarfin saƙonsa, to haɗuwa ta tabbata.

Tarihinsu da dogon zango tarihin kora ne. A 1912, shekarar da jirgin ruwan Titanic ya nutse, Amurka ta yi dokar da ta keɓe dogayen zanguna ga jiragen ruwa da sojoji da kamfanoni, ta tura 'yan sha'awa zuwa mita 200 da abin da bai kai haka ba, inda ake ganin babu wani amfani. Ashe gaba ta kai su. A Nuwamban 1923 Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka, duniya ta gane cewa gajeren zango shi ne mai cin nisa da ƙaramar wuta.

Komawa ta ɗauki kusan ƙarni guda. Taron Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya na 2007 ya ba su ɗan tsagi daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8, wato zangon mita 2200. Taron 2012 ya ƙara musu 472 zuwa 479, zangon mita 630, maƙwabcin kilohaz 500 inda jiragen ruwa suka shafe shekaru suna kiran neman agaji, kafin tsarin tauraron ɗan'adam ya karɓi aikin a 1999. Sai dai kyautar da sharaɗi ta zo: abin da zai fita daga eriya kada ya wuce wat ɗaya, ko biyar a zangon mita 630 a wasu ƙasashe.

Mai karatu zai ce wat ɗaya ai ba wuya. Nan ne gizo ke saƙa. Eriya tana aiki sosai ne idan tsawonta ya kai rubu'in tsawon igiyar, kuma rubu'in mita 2200 mita 550 ne. Wa ke da wannan a gidansa? Abin da mutum ke iya yi shi ne ya ɗaga waya mita goma sha biyar ko ashirin, ya shimfiɗa wasu a samanta, ya binne wasu da yawa a ƙasa, sannan ya naɗa wayar tagulla a jikin babban bokitin roba don ya cike giɓin tsawon da ya rasa. Duk da haka, abin da ke tashi sama sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka zuba ba. Sauran ya zama zafi a cikin ƙasa da waya da itatuwan kusa. Mutum sai ya zuba ɗaruruwan wat kafin ya samu ɗayan da doka ta ba shi. Naɗin nan kuma yakan ɗauki dubban bolt, ba wurin wasan yara ba ne.

Murya ma ba ta da wuri, domin faɗin zangon mita 2200 gaba ɗaya kilohaz 2.1 ne, bai cika abin da muryar mutum guda ke buƙata ba. Don haka suka koma ga ɗigo da jan layi na tangarahon Mos, suka kuma rage masa gudu har ɗigo ɗaya ya kai daƙiƙa uku, ko sittin, ko fiye. Kunne ba ya jin irin wannan. Kwamfuta ce ke tara raunanan alamomin ta zana su a allo, mutum ya karanta da ido. Da haka, tun ma kafin taron 2007, wani ɗan Ingila da wani ɗan Kanada suka kammala haɗuwa ta tsallaken Tekun Atlantika a Fabrairun 2001, bayan kimanin mako biyu suna bin dare. A ganina wannan ne zuciyar sha'anin: tun da an hana su ƙarfi, sai suka biya da lokaci.

Yau aikin ya ɗan yi sauƙi. Joe Taylor, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, ya fitar da manhajar WSPR a 2008. Tana aika lambar kira da wuri da ƙarfin wuta cikin kusan minti biyu, duk tashar da ta kama kuma ta kai rahoto intanet, a ga sakamakon a taswira.

Babban abokin gaba shi ne walƙiya, wadda ƙararta ke tafiya dubban kilomita a waɗannan zanguna. Shi ya sa 'yan Turai ke jiran daren hunturu, mu kuma da muke kusa da yankin Kwango mai yawan tsawa, daminarmu ba ta da daɗin saurare. Amma kamawa ba ta buƙatar doguwar eriya: 'yar sanda da ba ta wuce mita ɗaya ba, da na'urar karɓa, da kwamfuta, a wurin da ke nesa da janareta da cajar waya, sun isa. A taswirar nan Turai da Arewacin Amurka cike suke da tashoshi, Afirka ta Yamma kuwa kusan fayau take, don haka mai saurare ɗaya a Katsina ko Damagaram zai ba su rahoton da ba kasafai suke samu ba.