Alpha Jet: jirgin da sojan sama ke koyon tuƙi da shi

Ba a ɗaukar saurayi daga makaranta a damƙa masa jirgin yaƙi kai tsaye. Sai ya bi ta jirgin koyo, malaminsa na zaune a bayansa. Don haka a shekarar 1969 Faransa da Jamus ta Yamma suka yi shawarar ƙera irin wannan jirgi tare, aka ba kamfanonin Dassault-Breguet da Dornier aikin.

Amma bukatarsu ba ɗaya ba ce. Faransa jirgin koyarwa take so, ya gaji tsohon Fouga Magister. Jamus kuwa ƙaramin jirgin kai hari take nema. Jamusawa suka dage sai an sa masa inji biyu, domin Starfighter mai inji guda ya kashe masu matuƙa da yawa. Dagewar nan ta yi daidai: in inji ɗaya ya mutu, ɗayan na iya maido da ɗalibi gida. Aka kuma ɗaga kujerar baya, malami ya riƙa hangen filin sauka ta bisa kan ɗalibinsa.

Jirgin farko ya tashi ran 26 ga Oktoba 1973 a Istres. An ƙera wajen 500. Nijeriya, Togo da Kamaru duka sun saya. A 2013, lokacin yaƙin Mali, Nijeriya ta girke nata a Yamai. Ɗaya ya faɗi kusa da Dargol, matuƙansa biyu suka rasu.