3.2 Tallafin Kuɗi Don Dashen Itatuwa a Karkarar Birnin Kudu da Gwaram

3.2.1 Ma'anar Tallafi

Abin da ake nufi da tallafi a nan shi ne kuɗi ko kayan aiki da gwamnati ko wata hukuma take bai wa manomi ko ƙungiyar ƙauye don su dasa itatuwa, ba tare da an nemi su biya ba. Wannan ya bambanta da rance, wanda tilas a mayar da shi. Dalilin ba da tallafin kuwa shi ne, itace ba ya biyan mai shi da wuri. Gero da dawa a shekara ake cin moriyarsu, amma mangwaro sai ya yi wasu shekaru kafin ya fara 'ya'ya, ɗorawa kuwa ta fi haka jinkiri. Saboda haka ƙaramin manomi ba ya iya ɗaure ɗan jarinsa a kan dashe.

3.2.2 Hanyoyin Samun Tallafi

Farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974, da kuma na 1983 zuwa 1984, shi ya jawo hankalin hukumomi ga dashen itatuwa a arewacin Nijeriya. A shekarar 1981 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun magance matsalolin muhalli, wanda ake cire masa kaso daga asusun tarayya. Daga 1987 kuma aka fara shirin gandun daji na biyu da rancen Bankin Duniya. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ko da yake gwamnati rance ta ci, abin da ya isa hannun manomi tallafi ne, wato 'ya'yan itatuwa daga gandun reno da shawarar malaman daji.

Bayan wannan, a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Nijeriya kuma ta kafa hukumarsa da doka a 2015, Jigawa tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Haka kuma a Disamba 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin arewa 19 da Abuja. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na asusun GEF, wanda ya shigo Nijeriya a 2009, a lokacin yana ba ƙungiyoyin al'umma abin da bai wuce dala 50,000 ba a kan kowane aiki.

3.2.3 Irin Dashen da Ya Dace da Yankin

Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin jihar, kan iyaka da Jihar Bauci, kuma sun fi ƙasashen Gumel da Kazaure samun ruwan sama. Don haka matsalarsu ba tudun rairayi ba ce. Matsalar ita ce sarar itace don girki da gawayi, da faɗaɗa gonaki, da zaizayar ƙasa. Dogayen layukan itatuwa masu tare iska sun fi dacewa da kan iyakar Nijar. A nan kuwa ƙaramin dashe ya fi amfani: lambun mangwaro da gwaiba da kashu, ɗan gandun darbejiya ko turare don itacen girki da azara, da kuma ɗorawa da tsamiya da gawo a cikin gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa.

3.2.4 Matsalolin da Ke Hana Tallafi Amfani

Matsala ta farko ita ce lokaci. Ana yin dashe ne idan ruwa ya zauna, wato Yuli zuwa Agusta. Idan kuɗi suka makara, dashen ba zai kama ƙasa ba kafin ruwa ya ɗauke.

Ta biyu ita ce kulawa. Rani yakan kai wata 7, da kaka kuma ana sakin awaki da shanu a gonaki, ga gara, ga gobarar daji. Tallafin da ya tsaya ga rabon dashe, bai tanadi shinge da ban ruwa ba, ya bar aikin a rabi.

Ta uku ita ce mallakar ƙasa. A al'adar Bahaushe, dasa itace alama ce ta mallaka. Wanda yake noma gonar aro ko ta haya ko ta jingina ba ya dasa itace sai da yardar mai gona. Wannan yakan fitar da marasa gona da mata da yawa daga cikin masu cin moriya, alhali kuwa mata ne ke sarrafa kalwa su yi daddawa, su ne kuma tsadar itacen girki ta fi shafa.

3.2.5 Darasi Daga Maraɗi

Tun daga 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka fara renon tohon kututturen da ke gonakinsu maimakon sare shi. Kuɗin da aikin ya ci kaɗan ne, amma an ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Abin da ya taimaka shi ne, manomi ya tabbata itacen nasa ne.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tallafin da zai yi amfani a Birnin Kudu da Gwaram shi ne wanda ya iso kafin damina, wanda aka bar manomi ya zaɓi itacen da yake so, aka kuma sa dagaci da mai unguwa suka shaida mallakar fili. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin, a biya shi bisa yawan itatuwan da suka tsallake rani na farko da na biyu, ba bisa yawan waɗanda aka raba ranar bikin dashe ba.