Zango Kafin Mota: Yadda Ake Shirya Hutun Iyali a Gandun Dajin Amurka

Ranar 15 ga wata, da ƙarfe bakwai na safe agogon Kalifoniya, aka saba buɗe rajistar wuraren kwana na kwarin Yosemite a shafin Recreation.gov, kuma abin da ake sayarwa a ranar na watanni huɗu zuwa biyar ne masu zuwa. Magidancin da ke son kwana da iyalinsa a can cikin Yuli, tun Fabrairu ko Maris zai zauna gaban kwamfuta, katin banki a hannu. Kafin shayinsa ya huce, guraben sun ƙare. Yawancin sauran gandun dajin gwamnatin tarayya wata shida suke bayarwa, amma rububin iri ɗaya ne.

Al'ada ce mai ƙarfi a Amurka: daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, idan makarantu suka tafi dogon hutu, sai iyali su kwashi kaya su shiga motar tafi-da-gidanka, wadda suke kira RV, su nufi daji. Mota ce mai gado, murhun gas, firiji, ban-ɗaki da wurin wanka. Akwai ƙarama mai girman bas ɗin haya, akwai matsakaiciya mai gado a saman kan direba, akwai kuma ƙatuwa mai kai ƙafa 45, wadda ba ta da maraba da doguwar motar safa. Wasu ɗaki ne kawai mai ƙafafu da ake ja a bayan a-kori-kura. Wanda bai mallaka ba yana ɗaukar haya na mako ɗaya ko biyu, kuma duk Bahaushen da ke zaune a ƙasar, ko ya je ziyara da iyali, yana iya yin haka da lasisin tuƙi na yau da kullum.

Inda mutane ke kuskure shi ne tsarin shirin. Sai a fara zaɓar mota mafi girma, don kowa ya miƙe ƙafa, a jera sunayen gandun daji biyar ko shida, daga ƙarshe a fara neman inda za a kwana. A ganina daga ƙasa ya kamata a faro: a kama zango tukuna, a ga tsawon motar da gurbin zai ɗauka, sannan a je wurin masu haya.

Dalilin yana cikin tarihi. An kafa Yellowstone a 1872, hukumar kula da gandun daji kuma a 1916. Da yawa daga cikin zangunan da ake kwana a yau an shata su ne a shekarun 1930, lokacin da gwamnati ta ɗibi matasa marasa aiki ta tura su daji gina hanyoyi, wasu kuma tsakanin 1956 da 1966. Masu shatar tanti da ƙaramar mota suke da su a zuciya. Babu wanda ya yi tunanin wata rana za a turo gida sukutum tsakanin itatuwan nan. Shi ya sa a zangon Mather, a bakin kudu na Grand Canyon, iyakar tsawon mota ƙafa 30 ne. A kwarin Yosemite ƙafa 35 ne a wani zangon, 40 a wani, kuma guraben da ke ɗaukar irin wannan tsawo 'yan kaɗan ne. Lambar da aka rubuta a shafin rajista ba ta wasa ba ce. Idan gindin motarka ya leƙo kan titi, ma'aikatan daji za su ce ka tashi, kuma a tsakiyar Yuli babu wani gurbin da za su mayar da kai.

Hanyoyin ma haka. A gandun Glacier da ke Montana, hanyar Going-to-the-Sun, wadda ita ce abin da mutane ke zuwa gani, ba a yarda motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko 8 a faɗi ta hau tsakiyarta ba. Hanyar tana hawa sama da mita 2,000 a Logan Pass, kuma dusar ƙanƙara kan hana buɗe ta gaba ɗaya har ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A Zion da ke Utah, akwai hanyar da aka huda cikin dutse aka gama a 1930. Shekara da shekaru sai an tsayar da motocin ɗaya hannun kafin babbar mota ta bi ta tsakiya, daga baya hukumar ta sanar cewa daga tsakiyar 2026 motocin da suka wuce ƙafa 11 da inci 4 a tsayi, ko ƙafa 7 da inci 10 a faɗi, sai dai su zagaya. Galibin motocin haya na iyali sun wuce wannan faɗin. Ga iyali mai mutum biyar ko shida, motar da ba ta kai ƙafa 30 ba ta fi rufin asiri. Za a ɗan matsu a ciki, amma dama ba zaman mota ya kawo ku ba.

Bayan tsawo sai ruwa da wuta, kuma nan ne hutun mutane da yawa ke dagulewa. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bahaya. A zangon da ya cika, kowane gurbi yana da famfo, soket ɗin lantarki da bakin kwatami, sai ka jona ka manta. Amma irin wannan ba shi da yawa a cikin gandun dajin tarayya. A duk faɗin Yellowstone, Fishing Bridge ne kaɗai ke da ukun, kuma can ba a karɓar tanti ko ɗaki mai bangon tamfol, saboda beyar da ke yawo a yankin. A Grand Canyon akwai Trailer Village. A Zion, zangon Watchman yana da wuta a wasu gurabe amma babu famfo ko kwatami a gurbin. A Yosemite babu ko ɗaya. Abin da za ka tarar a mafi yawan wurare shi ne fili, teburin katako, murhun ƙarfe, da famfo da ban-ɗaki na kowa da kowa.

Tankin ruwan matsakaiciyar mota bai cika wuce lita 150 zuwa 200 ba. Mutum shida, ga girki, ga alwala sau biyar, ga yaro da ya bar famfo a buɗe yana goge haƙori: kwana biyu ko uku ruwan ya ƙare, sauran tankunan sun cika. Daga nan sai a naɗe komai a tuƙa zuwa wurin zubarwa, inda da safe ake samun layi. Maigida zai sa safar hannu, ya jona wata ƙatuwar mesa a gindin motar, ya danna ɗaya bakin cikin ramin, ya ja marfin tankin bahaya da farko, sannan na ruwan wanka, don ruwan sabulu ya wanke mesar. Wanda ya juya wannan tsari, ko ya ja marfi bai ɗaure mesa da kyau ba, sau ɗaya zai yi. Masu wayo suna tafiya da buta da jarka, su yi alwala da ruwan famfon zango, su bar na tanki don dare.

Wuta kuwa, batirin motar zai riƙe fitilu da famfo, amma ba zai tayar da na'urar sanyaya ɗaki ba. Sai janareta, shi kuma an ƙayyade masa sa'o'i da rana. Da dare, yawanci daga ƙarfe goma zuwa shida na safe, ba a yarda da ƙara ba, wasu sassan ma an haramta janareta ɗungurungum.

Wannan ya sa tudu ya zama abin dubawa kafin suna. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai iya yin dariya idan aka ce masa zafin Amurka, amma a Death Valley aka auna digiri 56.7 a ma'aunin Salshiyos ranar 10 ga Yuli, 1913, kuma wasu kamfanonin haya ba sa yarda a kai motarsu can a tsakiyar bazara. Kwarin Zion yana wuce digiri 38 a Yuli. Kwana cikin akwatin ƙarfe da ya sha rana tun safe, babu wuta, da jariri a hannu, ba hutu ba ne. Amma Bryce Canyon, da ke maƙwabtaka da Zion, yana kan tudun da ya haura mita 2,400, dare na yi sai a nemi bargo. Bakin kudu na Grand Canyon yana kusan mita 2,100, da daɗin iska, alhali ƙasan kwazazzabon yana tafasa. A Yellowstone sanyin asuba kan kai na ƙanƙara ko a Yuli. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a kan tudu za ka iya haƙura da lantarki, a cikin hamada kada ka kama gurbin da babu shi.

Kowane yanki kuma da nasa haɗarin bazara. A kudu maso yamma ruwan sama na Yuli zuwa Satumba yana cika ƙananan kwazazzabai cikin mintuna, ko da inda kake tsaye rana ake yi. A Satumban 2015 ambaliya ta kashe mutum bakwai a wani kwazazzabo a Zion. A Yunin 2022 ruwa ya yanke hanyar arewacin Yellowstone har aka kwashe baƙi. A Yulin 2025 gobarar daji ta cinye tsohon masaukin bakin arewa na Grand Canyon. Don haka a karanta sharaɗin fasa rajista kafin a biya.

Ba dole ba ne a kwana cikin gandun. A garuruwan bakin ƙofa akwai zangunan 'yan kasuwa, irin na kamfanin KOA da ya faro a Billings ta Montana a 1962, masu wuta, ruwa, injin wanki, wani lokaci har da wurin ninƙaya. Sun fi tsada, motoci kuma a jere suke kafaɗa da kafaɗa, sannan kullum da safe sai ka bi layin shiga. Akwai gandun jihohi, waɗanda ake rainawa ba da haƙƙi ba: Custer a South Dakota yana da garken ɓauna sama da dubu, da gurabe masu wuta, kuma yana kusa da Badlands, Wind Cave da dutsen Rushmore. Akwai kuma filayen gwamnatin tarayya da ke ƙarƙashin hukumar dazuzzuka da ta kula da filaye, inda a wurare da yawa ake kwana kyauta har kwana 14, sai dai babu famfo, babu ban-ɗaki, sau da yawa babu sabis ɗin waya. Wannan na ƙwararru ne, ba na mai tafiyar farko da yara ba. Abin da ya fi dacewa da iyali shi ne gauraye: dare biyu ko uku a ciki, inda za a farka a ga barewa a bakin ƙofa, sai dare ɗaya a waje a yi wanki, a cika tanki, a yi cefane.

Gandun daji nawa za a haɗa? Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Akwai 63 masu cikakken matsayin gandun dajin ƙasa, kuma a taswira suna kama da maƙwabta. Daga Yellowstone zuwa bakin kudu na Grand Canyon ya haura kilomita 1,200, a motar da lita ɗaya ba ta cika kai ta kilomita huɗu ba. Cikin Yellowstone kaɗai, babbar hanyar zagaye ta kai kilomita 229, gudu ba ya wuce mil 45 a sa'a, kuma ɓauna ɗaya ta tsaya a titi sai layi ya miƙe. Kusan mutum miliyan ɗaya ke shiga a watan Yuli. Ga mako ɗaya ko kwana goma, biyu da ke kusa da juna sun wadatar: Yellowstone da Grand Teton, ko Zion da Bryce Canyon. Mazauna gabas suna da Great Smoky Mountains, tsakanin Tennessee da North Carolina, wanda ya fi kowanne yawan baƙi, fiye da miliyan goma a shekara. Ba a biyan kuɗin shiga can, sai na ajiye mota tun daga 2023.

Yara ba su damu da yawan sunayen ba. Abin da suke so shi ne rafi, wuta da dare, da bajon Junior Ranger, wanda ake ba yaron da ya cike ɗan littafin tambayoyi ya kai wa ma'aikaci. Iyaye su ne za su sa ido: a Yellowstone doka ta ce a bar mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci, mita 23 tsakaninka da ɓauna, kuma kada ƙafar yaro ta sauka daga kan katakon da aka shimfiɗa a gefen maɓuɓɓugan ruwan zafi, domin ƙasar wurin ɓawo ce a kan tafasasshen ruwa. Abinci, man shafawa da shara ba sa kwana a waje. A Yosemite kowane gurbi yana da akwatin ƙarfe da beyar ba ta iya buɗewa.

Saura kuɗi. Katin shekara na dala 80 yana shigar da mota ɗaya da mutanen cikinta dukkan gandun tarayya, amma bai haɗa da kuɗin zango ba. Daga Janairun 2026 wannan farashi na mazauna Amurka ne. Baƙo daga waje katinsa dala 250 ne, idan kuma bai saya ba, akwai ƙarin dala 100 a kan kowane mai shekara 16 zuwa sama a gandun daji 11 da suka fi cika, ciki har da Yellowstone, Yosemite, Zion, Glacier da Grand Canyon. Mai zuwa daga Kano ko Yamai ya sa wannan a lissafi tun daga gida.

Wanda ya makara kuma kada ya yanke ƙauna. Mutane suna fasa tafiya, gurabe suna dawowa shafin, musamman idan ranar ta matso. A nemi Lahadi zuwa Alhamis maimakon ƙarshen mako, a kuma duba makonni biyun ƙarshe na Agusta, lokacin da makarantu da yawa sun koma.